Littafin da ya ƙi rama mana

Jama'a, rubutun nan zai yi tsawo. Wanda datarsa ta kusa ƙarewa ya ajiye shi sai dare.

Yau mako uku ke nan ana tafka rigima a kan wani littafin soyayya a zaurenmu na WhatsApp, mu matan da muka yi digiri na farko tare a Jami'ar Tarayya ta Gashuwa. An yi fushi an fita, an ba da haƙuri an dawo, shugabar zaure ta rufe bakin kowa har sau biyu. Rigimar ta biyo ni gidan hayarmu a Danbare, ta kuma riga ni isa gida Machina. A zauren ban ce uffan ba, don da na buɗe baki za a ce ga mai bincike ta zo da bokonta. To nan shafina ne, bari in faɗi tawa.

Ga waɗanda ba su sani ba, ina digiri na biyu a Sashen Harsunan Najeriya na Jami'ar Bayero, kuma kundina a kan masu karanta littattafan Hausa na waya ne a Machina da Nguru da Gashuwa. Masu karatun nake bi. Marubuta an yi kundaye a kansu har sun cika kanta a laburare, amma matar da ke tsakurar naira 500 daga kuɗin cefane don ta ji yadda labari zai ƙare, ba kasafai ake tambayarta me take nema a ciki ba. Sunan littafin da na marubuciyar zan riƙe su a bakina. Baiwar Allah ta sha zagin da ya ishe ta, ba zan ƙara tura mata wata runduna ba. Waɗanda suka karanta za su gane shi yanzun nan.

Yarinya ce ta auri saurayinta na tun sakandare tana da shekara 19. Babu dole a ciki, so ne tsagwaronsa, iyaye ma sai da aka lallashe su. Da jarinsa ya karye ta sayar da kujerunta da firijinta da 'yan kunnen gwal ɗin da kakarta ta bar mata, ta damƙa masa. Allah ya buɗa masa. Shekara bakwai da aure, 'ya'ya biyu, ya ƙaro amarya, wata huɗu bayan nan ya turo mata saki ta waya tana gidan suna. Zuwa nan duk mun san hanyar, mun bi ta a littafi ɗari. Shafukan kyauta suka ƙare daidai inda take zaune a tsakar gidan mahaifinta da akwati biyu da yaro a baya, kowa ya tura kuɗinsa aka shiga zauren biya.

Sai marubuciyar ta shigo da wani Alhaji. Mai gidajen mai, matarsa ta rasu, ya hango jarumar a asibiti ta kai ɗanta. Ranar da aka saki wannan shafin zaure ya kaure da guɗa. An fara fitar da anko tun bawan Allah bai yi sallama a ƙofar gidansu ba. Kowa ya gama lissafinsa: za ta auri Alhaji, a kai ta Umara, wata rana tsohon mijin ya zo neman taimako ya tarar da ita a bayan mota, ya zube yana kuka.

Ba ta aure shi ba. Ta ce ya yi haƙuri. Wanda ta aura a ƙarshe, bayan shekara biyu tana zawarci, mai gyaran famfon sola ne, mai babur, wanda shi ma matarsa ta farko ta fita ta bar masa yarinya 'yar shekara biyar. Ɗaki biyu na haya. Tsohon mijin kuwa ko ciwon kai bai yi ba. Shagonsa bai ƙone ba, amarya ba ta ci amanarsa ba, motarsa ba ta faɗi ba. Sau ɗaya ya zo neman ta koma, cikin sabuwar mota, ta ce a'a, ya kaɗa kai ya tafi, labarin bai sake waiwayarsa ba.

Nan fa ake yin ta.

Saƙon farko da na gani da asuba cewa yake a dawo mana da kuɗinmu. Wata da ke aure a Nguru ta turo saƙon murya na minti shida, muryarta har rawa take: wata uku tana kuka da matar nan, ta bar girki ya ƙone saboda ita, a ƙarshe a ce azzalumi ya ci bulus? Wata ta ce marubuciyar ba ta san Allah yana sakayya ba. Wata ta ce ai wannan daga kwata aka faɗa rijiya, ka bar mai mota ka koma wa mai babur. Da wata ta yi ƙarfin halin cewa ita ƙarshen ya yi mata, aka yi mata ca, har da mai tambayarta ko nawa aka biya ta.

Na nemi izinin shugabar zaure na zauna na bi saƙonnin ɗaya bayan ɗaya da biro da littafi, tunda aikina ne. Abin da na lura ya ba ni mamaki. Kusan babu wadda ta ce bai kamata bazawara ta sake son wani ba. Babu wadda ta ce da ta koma gidan tsohon mijin don 'ya'ya. Wannan gardamar ta iyayenmu ce, a zauren nan an wuce ta. Ƙorafin duka biyu ne: shi bai ɗanɗana kuɗarsa ba, ita kuma ba a biya ta diyya da miji mai kuɗi ba. Littafin soyayya aka karanta, amma kalmar da ta fi yawo a bakin masu karatu ita ce sakayya. Kalmar so sai ka yi dogon bincike kafin ka tsinto ta.

A gidan hayarmu mu huɗu ne, duk 'yan digiri na biyu. Ƙaramarmu, wadda ke karanta kimiyyar sinadarai, ita ce shugabar masu fushi. Ba ta taɓa aure ba, saurayinta ma lafiya lau suke, amma ta kwana biyu ba ta daina mita ba. Babbarmu kuma, da muke ce wa Anti, malama ce daga Gashuwa da ta zo ƙarin karatu, ta haura arba'in, auren ta ya mutu tun muna sakandare. Ita ba ta cika shiga hirar littafi ba, kullum tana kan tabarma da takardunta. Ranar da mitar ta yi yawa ta ɗago ta cire tabarau.

"Ku yara, so kuke a rama muku abin da ba a yi muku ba tukuna."

Ƙaramarmu ta ce, "Haba Anti, ke fa ya kamata ki fi kowa jin haushi."

"Ni? Shekara tara na yi ina jiran shagonsa ya ƙone. Kin san me ya faru? Ya buɗe na biyu."

Muka fashe da dariya, ita ma ta yi, amma ba ta gama ba. Ta ce a shekarun nan tara duk wanda ya zo zawarcinta da sikelin tsohon miji take auna shi. Wannan ya fi shi kuɗi? In ya ji labari zai ji zafi? Wanda bai kai ba ta sallame shi, ciki har da wani da har yau in ta tuna shi sai ta yi shiru. Ta mayar da tabaranta ta ce, "Mutumin ya sake ni sau ɗaya, ni kuma na zauna masa gadi shekara tara ba albashi."

Da na kai wa malamin da ke duba aikina wannan batu, bai ce komai a kan littafin ba, don bai karanta ba kuma bai yi alamar zai karanta ba. Cewa ya yi in koma in sake karanta Alhaki Kuykuyo Ne na Hajiya Balaraba Ramat Yakubu, wanda ya fito a 1990, in dubi ƙarshensa da kyau. Mu 'yan sashen duk mun karanta shi a aji, har an fassara shi zuwa Turanci an buga a Indiya a 2012. Rabi ce da mijinta Alhaji Abdu, ɗan kasuwa, da 'ya'yansu tara. Ya auro Delu, ya kori Rabi da yaranta. Rabi ta tsaya da ƙafarta da sana'ar abinci, 'yarta Saudatu ta yi aure gidan wadata. Shi kuwa Alhaji Abdu gobara ta cinye masa dukiya, Delu ta nuna masa halinta. Wato duk abin da 'yan zaurenmu ke nema an ba su a nan, har da ƙari. To amma me ya biyo baya? Da ya tsiyace, ina ya nufa? Wurin Rabi. Aka taru a kanta, aka matsa mata, ta koma. Wutar da ta ci shagonsa ita ta dawo da shi ƙofarta, kuma ita aka bar wa kwashe tokar.

Wannan ya tsaya mini a rai. Littattafan waya na yanzu sun gyara rabin matsalar: jarumar ba ta komawa, sai ta auri wanda ya fi shi. Amma ku duba inda idon labarin yake. Yana kan tsohon mijin. Alhajin da ake aura mata bulala ce da aka yanko don a zane wancan. Ranar bikinta ma marubuciya sai ta kai mu ɗakin tsohon mijin mu ga yana juyi a gado. Gidan da aka kai ta, motar da aka ba ta, ɗan da ta haifa, duk sai an nuna mana ya gani kafin su yi daɗi. In ka cire shi daga labarin, sabon auren ba shi da ɗanɗano. Ni a ganina abin da wannan marubuciyar ta yi shi ne ta kore shi daga littafin baki ɗaya, ta hana shi ko da matsayin wanda ake kallo yana shan azaba. Ta bar matar da rayuwarta. Mu kuma masu karatu mun saba da shi har ba mu san yadda za mu ji daɗin farin cikinta ba in ba ya kallo.

Kada a ce na raina masu fushin. Wallahi ban raina su ba, kuma duk wanda ya zauna da matan da nake zama da su ba zai raina su ba. A Nguru na yi hira da wata da ta yi ta zarya a kan kuɗin ciyar da 'ya'yanta har ta gaji ta bari, mutumin kuma yana nan a gari yana yanka rago biyu da layya. A Gashuwa wata ta ce mini ranar da aka ƙwace mata yara aka kai wa kishiya, littafi ta kunna ta kwana tana ji. Ga irin waɗannan matan littafin nan kotu ce, kuma ita kaɗai ce kotun da suka taɓa shiga suka fito da nasara. Naira 500 ka biya a yanke maka hukunci yadda zuciyarka take so, ba ɗage zama, ba a ce ka kawo shaida. In marubuciya ta karɓi kuɗin ta ƙi yanke hukuncin, dole a ji kamar an ci amana. Matar Nguru mai saƙon minti shida ba da marubuciyar take faɗa ba, mu da muka san gidanta mun san da wa take.

Abin da ke ba ni dariya shi ne tsohuwar muhawarar da muke haddacewa don jarrabawa. Tun shekarun 1990 Farfesa Ibrahim Malumfashi da masu ra'ayinsa suka kira waɗannan littattafai Adabin Kasuwar Kano, su Farfesa Abdalla Uba Adamu da Farfesa Yusuf Adamu suka tsaya musu. A 2007 har ƙona littattafan aka yi a Kano a ƙarƙashin shirin A Daidaita Sahu, wai suna ɓata tarbiyyar 'yan mata. Tsoron da ake ji shi ne yarinya za ta karanta ta koyi soyayya. Da masu ƙonawar sun leƙo zaurenmu a makon nan da sun ga abin da aka fi koya shi ne jiran ranar da azzalumi zai durƙusa.

Littafin kansa ba wai ba shi da aibu ba ne. Tsakiyarsa ta yi ja, an ɓata shafi goma sha a bikin ƙawar jarumar da ba ya ƙara komai, ga kayan lefe ana lissafa mana har da adadin takalma. Yaran biyu sai su ɓace shafi ashirin kamar an ba da ajiyarsu. Alhajin ma an sallame shi da gaggawa, da ta ƙara masa shafi biyu da mun fi gane dalilin ƙin sa. Rubutun kuwa, mu 'yan ƙa'idojin rubutu sai haƙuri. Amma akwai abu ɗaya da ta kama wanda ban taɓa gani an kama shi haka ba, kuma ba a jami'a aka nuna mini shi ba, a Machina ne.

Hutun da ya wuce na tafi gida tattara bayanai. Daga Kano ka bi ta Haɗeja ka sauka Nguru, ka sake mota zuwa Machina, ka isa da ƙura har cikin kunne. A Kano in na ce daga Machina nake, tambaya ɗaya ce: da gaske ne ba kwa kashe maciji? Da gaske ne, yana wucewa ka ba shi hanya, haka muka taso muka gani. Abin da ba a tambayata shi ne yadda littafi ke isa can. Muna yara na takarda ne, 'yan kasuwa su taho da su daga Kano zuwa Nguru, yayyenmu su karɓo haya su ɓoye a ƙarƙashin katifa. Yanzu ta kunne yake shiga. Akwai masu karanta littattafan da murya su ɗora a YouTube, sai yaron shagon caji ya sauke ya zuba wa mata a memori. Matar da ba ta yi boko ba, wadda hirarta da tsofaffi da Manganci ce, tana tankaɗe tana jin labarin Hausa daga ƙaramar waya da aka jingina a jikin turmi. Har yau ban ci karo da littafin da aka kafa labarinsa a Machina ba, kullum Kano ne da Abuja da Dubai, amma hakan bai hana kowace mace a unguwarmu rantsuwa cewa ta san mijin da ake nufi ba.

Yayata, wadda nake bi wa, shekara uku ke nan da mutuwar aurenta. 'Ya'ya uku. Tana gidanmu tana ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, ta tara 'yan awakinta. Tsohon mijin ya aiko sau biyu, kuma Gwaggo ta ɗaure masa gindi: ta koma ɗakinta don yara, mace ba ta da kamar gidan uban 'ya'yanta. A gefe guda akwai wani malamin firamare da ke zuwa, mutum mai sanyi, ba shi da komai sai albashi da keke. Gwaggo in ta gan shi sai ta ce ga mai alli ya zo. Kawunmu, da yake ya yi karatun zaure, shi ya taka wa Gwaggo birki, ya ce ko a Risala bazawara ba a ɗaura mata aure sai ta furta yardarta da bakinta, don haka a bar yarinya ta yi tunani. Tunanin ne ya kai wata takwas.

Ban san ta ji littafin ba sai da na tarar tana maimaita wani wuri. Wurin nan ne da aka fi yi wa dariya a zaurenmu. Bayan jarumar ta tare a gidan mai gyaran famfo, sai ta ɓoye rasit ɗin keken ɗinkinta da kuɗin adashinta a cikin tsohuwar safa a ƙasan akwati, ba ta gaya masa ba. Tana son sa, amma hannunta ya ƙi sakin abin nan. Wata rana yana neman wani abu ya ci karo da safar. Ya mayar yadda ya gan ta, bai ce komai ba. Bayan kwana biyu ya dawo daga kasuwa da ƙaramin akwatin ƙarfe da kwaɗo, ya ajiye mata, ya miƙa mata makullan duka biyu. A zaure cewa aka yi, wai wannan ce kyautar ango, kwaɗo! Aka yi ta turo hotunan dariya.

Yaya sau uku ta mayar da wurin a gabana. Na ce, "Yaya, me kika gani a nan ɗin?"

Ta ci gaba da murza tunkuza ba ta kalle ni ba. "Duka biyun ya ba ta. Bai riƙe ɗaya ba."

Can ta ce ita ma ko ta yi aure awakinta a gidan Inna za su zauna, kuma namijin da zai ji haushin haka ba mijinta ba ne. Ta ce mutane suna zaton wadda aka saka miji take nema wanda ya fi na da. Ita abin da take nema wanda zai ga tana tsoro bai mayar da tsoron laifi ba. Wancan na farkon ta ba shi komai bai tambaya ba ma, yanzu in an ce ta sake miƙa komai don a tabbatar tana so, to a bar ta da ƙulinta.

Na tambaye ta ko ba ta ji haushi da ba a yi wa tsohon mijin komai a littafin ba. Ta yi dariya ta ce, "Ke, a garin da ba a kashe maciji? Ya wuce ya tafi raminsa, ni in ci gaba da shara."

Wannan maganar na rubuta ta a littafin bincikena na ja mata layi biyu, duk da ban san babin da zan saka ta ba.

A Kano gwamnati ta daɗe da gane yawan zawarawa. A 2012 aka fara auren zawarawa ta hannun Hisba da mutum ɗari-ɗari, a 2023 aka ɗaura na ma'aurata 1,800, da sadaki da gado da katifa da ɗan jari. Abu ne mai kyau, na san waɗanda suka amfana. Sai dai gado da katifa ana sayen su a kasuwa. Safar nan ta ƙasan akwati kuwa kowace da tata take tarewa, kuma ban taɓa jin an yi maganarta a wa'azin biki ko a nasihar da gwaggwanni ke yi wa amarya ba. Sai a wannan littafin mai kurakuran rubutu na gan ta.

Maza ma fa suna karantawa, kada su yaudare ku. A ajinmu akwai wanda ya rantse shi bai san ana irin waɗannan littattafan ba, amma da gardama ta yi zafi a wurin mai shayi sai ga shi yana gyara mana sunan unguwar da jarumar ta zauna. Shi matsalarsa wai littafin yana koya wa mata ƙin komawa ɗakinsu. Wani kuma, da ke zuwa lakca a kan babur daga Ɗorayi, ya ɗaga kofi ya ce wannan ne karo na farko a tarihin adabin Hausa da mai babur ya kayar da mai gidan mai, don haka shi a ba marubuciyar lambar yabo.

Ni kuma fa? Waɗanda muka yi Gashuwa tare sun sani, sauran ku ji yau. Shekara biyu da suka wuce an sa mini rana, saura wata ɗaya da kwanaki aka aiko a karɓi kaya. Ba dogon bayani, wai iyaye sun sake shawara. Inna ta kwana uku ba ta fita ko maƙwabta ba. A Machina mace ta doshi talatin ba aure, ga kuma an fasa, ba sai na gaya muku abin da ake faɗa ba, boko ya cinye ta shi ne mai sauƙin ciki. Mutumin yana nan lafiya, ya yi aurensa, an haifa masa ɗa, hotunan suna iso ni ta hannun masu son in gani. Na san daɗin wutar nan ta cikin littafi, na san yadda take sanyaya zuciya da ƙarfe biyun dare. Na kuma san da safe in ka ajiye waya ba abin da ya ƙone a ko'ina. Yanzu akwai mai magana, mutumin kirki, kuma duk ranar da ya yi awa uku bai amsa saƙo ba sai in ji na fara naɗe tabarmata a zuci. A duk littattafan da na karanta don kundin nan, jarumar da aka yaudara tana haɗuwa da Alhajinta ta warke a shafi biyu kamar an shafa mata man zafi. Wannan ce ta farko da na ga an bar ta ta shiga sabon gida da tsoronta, aka kuma ce duk da haka so ne.

Shekaranjiya marubuciyar ta fitar da sanarwa. Saboda yawan koke-koke za ta ƙara shafi biyar, naira 200, kuma ta ce masu jiran labarin tsohon miji su shirya. Zaure ya koma guɗa, matar Nguru ta turo hoton wuta har guda goma. Ban ga laifin marubuciyar ba, da wannan rubutun take biyan kuɗin makarantar yaranta, kuma wanda ya karɓi kuɗin mutane dole ya ji kukansu. Ni zan saya, tunda babi na huɗu na kundina yana jira. Anti ta ce in na gama kada in ba ta labari.

Jiya da daddare na kira Yaya, sai da ta fita bakin ƙofa kafin sabis ya kama.

"Yaya, an ce za a ƙaro shafuka. In sa a zuba miki?"

"Me ya same shi?"

"Ba a saki ba tukuna. Amma ana ta cewa gobara."

Ta yi shiru, ina jin kukan awaki a bayanta.

"Bar shi. Ni a wurina ya ƙare inda ya ba ta makullan." Har zan yi sallama ta ce, "In kin shiga Kwari ki tambayo mini kuɗin atamfa, turmi biyu, mai ɗan haske. Kuma kada Gwaggo ta ji."